Ganima ba taka ba ce sai ka fita da ita

Wani dare cikin watan Nuwamba, sanyi ya fara shigowa Maradi, na fito tsakar gida wajen ƙarfe biyu sai na hangi haske yana motsi ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin samari. Na tura ƙofar a hankali. Abba na zaune bisa katifa, ya lulluɓa da bargo har ka, waya a hannu, abin ji a kunne. Bai san na shigo ba. Ina tsaye na ga ya jefar da wayar, ya dafe kai, hawaye na zubo mashi. Yaro ne mai shekara 15, wanda ko ranar da ya karye wajen ƙwallo bai yi kuka ba. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya ce, "Baba, kayana ne suka tafi, tarin sati biyu." Na duba ɗakin, ban ga abin da ya ɓace ba.

Abba ɗana ne na fari. Sunan mahaifina gare shi, don haka ban taɓa kama sunanshi na yanka ba. Kun san yadda muke da ɗan fari: ana son shi, amma daga nesa, kunya ta tsaya tsakani. Ni malamin firamare ne, shekara 19 ke nan ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horar da malamai, kuma ajin CM2 ke hannuna yanzu. Na saba tara iyaye in ba su shawara a kan ƴaƴansu. A daren nan na gane akwai wata duniya da ɗana ke kwana cikinta, ni kuwa ko ƙofarta ban sani ba.

Cikin satin gaskiya ta yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bana yake ajin ƙarshe na kwaleji, jarrabawar BEPC na jiran shi ƙarshen shekara. A lissafi, inda bara yake samun 13 bisa 20, ya dawo 7. Jika uku da na ba shi ya kai ma mai yi masu darasin yamma ba su isa hannun malamin ba, forfe aka saya da su. Na yi abin da kowane uba zai yi: na ƙwace wayar, wadda kawunshi ne ya bar mashi tsohuwarshi, na kulle ta a akwati. Sati uku tana can. Sai yaro ya koma kwana a fada, yana aron wayar abokai, ba ya shigowa gida sai bayan sha ɗaya. Uwarshi ce ta faɗa mani abin da ban so ji ba. Ta ce, "Malam, da yana yi muna ganin shi. Yanzu ka kora shi inda ba mu gani."

Akwai wani dalili kuma da ya sa raina ya ɓaci fiye da kima. A jiharmu bindiga ba abin wasa ba ce. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka suka shigo yankin Maradi saboda ƴan bindiga, kuma ƙauyukanmu na bakin iyaka su ma sun ɗanɗana. A ajina akwai yaran da iyayensu suka baro gonakinsu da dare. Ganin ɗana yana harbi don nishaɗi, ko da bisa gilashin waya ne, ya tsaya mani a wuya, kuma har yau bai gama sauka ba.

Abin da ya canza mani tunani wani tsohon darasi ne. Malaminmu na dabarun koyarwa ya sha nanata mana cewa kafin ka gyara kuskuren ɗalibi sai ka fara gano yadda ya yi ya kai ga kuskuren. Shekara 19 ina aiki da wannan a kan ƴaƴan mutane. Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, na fiddo wayar na ajiye gabanshi, na ce, "Zauna ka koya mani abin nan." Ya yi tsammanin tarko ne. Sai da na maimaita.

Sunan wasan Arena Breakout. Wani reshe na kamfanin Tencent na ƙasar Sin ya yi shi, ya fito a wayoyin duniya cikin 2023. Salon kuwa ya girme shi: wasan da ya yi suna da shi tun farko shi ne Escape from Tarkov, na wani kamfanin Rasha mai suna Battlestate Games, wanda jama'a suka fara bugawa a kwamfuta wajen 2017. Da yawanmu mun san Free Fire da PUBG, ko da a bakin yara ne. A waɗancan kowa na sauka hannu rabbana, a yi ta faɗa har mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya ta rage, in an kashe ka ka sake sabon zagaye ba ka rasa komai ba. Wannan dabam yake. Kana da rumbu inda kake tara kaya. Daga ciki za ka ɗauki bindiga da sulke da kwalkwali da magani ka shiga fili, ka tsinci abin da ka samu cikin gidaje da akwatuna, sannan ka nemi mafita kafin lokaci ya ƙare. A filin akwai mayaƙan da na'ura ke sarrafawa, akwai kuma mutane na gaske daga wasu ƙasashe masu neman abin da kake nema. In ka fita da rai, duk abin da ke jakarka ya zama naka. In aka kashe ka, abin da ka tsinta da abin da ka shigo da shi duka sun tafi, wanda ya kashe ka ya kwashe. Nan na fahimci kukan daren Nuwamba. Tarin sati biyu ya sanya a jiki ya shiga, ya fito ba ko tsinke.

Shigata ta farko a filin da suke kira Farm ce, wato gona, inda sababbi ke farawa. Ban yi minti huɗu ba aka kashe ni. Na hangi wani gida na sheƙa da gudu ta tsakiyar fili, ban ma ga wanda ya harbe ni ba. Abba ya danne dariya, ya tambaye ni, "Baba, ina za ku fita?" Na ce ai yanzu na shigo. Ya ce to wannan shi ne kuskuren farko. Kafin ka ɗaga ƙafa ka buɗe taswira ka ga mafitarka, don ba kullum wuri ɗaya ake ba ka ba, ya danganta da inda aka sauke ka. Wata mafitar a buɗe take ko yaushe, wata sai ka biya kuɗin wasa, wata sai ka yar da jakar goyonka kafin ta karɓe ka. Agogo kuma na tafiya, wajen rabin awa ne a wannan filin, kuma wanda lokaci ya ƙare mashi yana ciki daidai yake da wanda aka kashe. Shawararshi ita ce mutum ya riƙe fili ɗaya ya yi ta maimaita shi har ya san kowane kwana da kowane gini kamar unguwarsu, ya san inda sauran ke sauka da hanyoyin da suke bi. Rashin sani ya fi dare duhu. Ya kuma hana ni ratsa fili tsirara: a bi gindin katanga, a bi bayan itace, daga wannan maɓoya zuwa waccan.

Na biyu shi ne kunne. Ni na ɗauka wasan ido ne da saurin yatsa, ashe rabinshi saurare ne. Gudu na da ƙara, buɗe ƙofa na da ƙara, binciken akwati da sauya gidan harsashi duk ana jin su daga ɗakin da ke kusa. Mai gudu yana shelar kanshi ne, kuma ƙarar takunshi na hana shi jin na wani. Abba ya koya mani in riƙa tafiya sannu, in na zo bakin gini in tsaya in saurara kafin in shiga, in na ji harbi in auna daga wane gefe yake da kuma nisanshi. Ƙofar da ka tarar a buɗe da akwatin da ka tarar an kwashe labari suke ba ka cewa wani ya riga ka, wataƙila ma yana nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ban taɓa tsammanin zan ji amfanin wannan karin magana a irin wannan wuri ba. Abin ya kuma warware mani wani ƙorafi na gida: yaron da ake kira sau uku bai amsa ba, sau da yawa ba reni ba ne, kunnuwanshi biyu na can suna jiran takun wani.

Na uku, ba kowane faɗa ne naka ba. Wasan ba ya tilasta maka kashe kowa, kana iya shiga ka cika jaka ka fita ba ka harba ko sau ɗaya ba, kuma ka ci riba. In ka hangi mutum uku tare kai kaɗai, ka lafe su wuce. In ka ji ƙungiya biyu na musayar wuta, ko dai ka yi nesa, ko ka jira su gama raunata juna. Masu wayo haka suke yi, shi ya sa mafi hatsarin lokaci shi ne bayan ka ci nasara. Ƙarar harbinka ta kira duk wanda ke kusa, kai kuma ka duƙa bisa gawa kana zaɓen kaya, idonka na cikin jaka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙa'idar Abba ita ce bayan faɗa ka fara sauya wuri, ka cika harsashi, ka ɗaure rauni, ka saurara, sannan ka je ga ganima, kuma in kuna biyu ɗaya ya yi gadi ɗaya ya kwasa.

Na huɗu ya shafi abin da za ka shiga da shi. Sabon shiga yakan yi ɗayan kuskure biyu. Wani ya tara kaya masu kyau a rumbu yana tsoron taɓa su, kullum ya shiga da tarkace a kashe shi. Wani kuma ya kwashi mafi tsadar abin da ya mallaka ya shiga da shi gaba ɗaya, kamar yadda Abba ya yi. Matsakaici shi ne ka shiga da abin da in ya tafi za ka iya sayen irinshi sau da yawa daga abin da ya rage maka. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne harsashi ya fi bindiga muhimmanci. Sulke hawa-hawa ne, daga 1 zuwa 6, harsashi ma haka, kuma harsashi mai rauni ba ya huda sulke mai ƙarfi ko da daga bindiga mai tsada ya fito. Gara bindiga mai araha da harsashi mai kyau. In kuwa mai rauni kaɗai gare ka, ka nufi ƙafafu, don sulke bai rufe su ba. Magani ma kala-kala ne: abin tsayar da jini dabam, na gyaran karaya dabam, na kashe zafi dabam. Wanda ya karye a ƙafa ba shi da abin gyara, da ɗingishi zai nemi mafita. Akwai yunwa da ƙishirwa, don haka ɗan ruwa a jaka ba asara ba ne. In mutum ya talauce sarai, wasan na da wata hanya da ake ba shi kayan aro kyauta ya shiga da su, abin da ya fito da shi nashi ne. Da ita ake farfaɗowa, ba sai an taɓa kuɗin aljihu ba.

Na biyar ne ya sa na yi dariya, don darasin ajina ne. Jakar goyo ramuka gare ta ƙidayayyu, kowane abu da yawan ramukan da yake ci. Ka ga abu mai ramuka 4 da zai yi 20.000 a kasuwar wasan, ga wani mai rami ɗaya da zai yi 8.000. Ni na rarumi babban. Abba ya ce, "Baba, ku raba mana. Wancan 5.000 ne kowane rami." Yaron da ya samu 7 a lissafi yana yin rabawa da ka cikin daƙiƙa biyu, harsashi na wuce shi. Ya san ribar kowace shiga, wato abin da ya fito da shi a cire kuɗin harsashi da magani da gyaran sulke. Ya san nauyi in ya yi yawa yana rage gudu. Akwai kuma wani ɗan akwati mai ƴan ramuka wanda ko an kashe ka abin da ke cikinshi na komawa rumbunka, don haka ƙaramin abu mafi daraja can ake fara jefa shi. Tun daga ranar na daina cewa kan yaron ne ya toshe. Kan na nan garau, wurin da yake kashe shi ne ya sauya.

Sai wanda mu ƴan nan ya fi shafa. Masu buga wasan a wasu ƙasashe ba su cika tunanin rezo ko ɗaukewar wuta ba. Mu kuwa in rezo ya tsinke kana tsakiyar fili, mutuminka na nan tsaye kamar gunki har wani ya zo ya same shi. Abba ba ya shiga da kaya masu daraja in ya ga rezo na rawa, ko batir ya yi ƙasa, ko forfe ya kusa ƙarewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In yana tare da abokai, su har huɗu ke iya shiga ƙungiya ɗaya, magana gajera suke yi: mutum nawa, ta wane gefe, nisa nawa. A nan ne na fara sa kunne a matsayin uba, don wasan na iya haɗa yaro da baƙin da bai sani ba, su yi ta magana da murya. Na ce mashi da abokan da na san gidajensu kaɗai zai riƙa buɗe murya.

Darasi na ƙarshe shi ne babba, kuma a kaina na koye shi. Kwana na shida da farawa, yara sun kwanta, na ɗauki wayar ni kaɗai, wai in ƙara fahimta. Sa'a ta zo mani. Na samu kayan da ban taɓa samu ba, jaka ta cika, saura minti takwas, mafita na gabana ina ganin ta. Sai na hangi wani ɗan gida a gefe wanda ban bincika ba. Zuciya ta ce leƙa kaɗai za ka yi. A bakin ƙofar gidan aka kashe ni. Wani abu ya taso mani a ƙirji wanda rabona da jin irinshi tun ina saurayi. Na ce sai na maido abin da na rasa. Na sake shiga da kaya masu kyau, cikin fushi da gaggawa, aka kashe ni. Na sake. Da na ɗaga kai ƙarfe ɗaya ta wuce, rabin rumbun Abba ya tafi, uwargida na tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, kai ma sai an kulle maka ita a akwati?"

Da safe na faɗa ma Abba abin da na yi, na ba shi haƙuri. Bai yi fushi ba. Ya ce kowa haka yake yi, shi ma haka ya yi a daren da na kama shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gwanayen wasan, in ji shi, suna shiga da niyya ɗaya, ko cika wani aiki ko neman wani abu, da sun samu sai su nufi mafita ko da saura minti 20. Falke bai ƙidaya riba sai ya sauke kaya a gida. Kuma in an kashe su sau biyu a jere suna ajiye wayar, don na uku da fushi ake shigar shi.

Abin da ya kama ni a daren nan ba sabo ba ne ga masana halayyar ɗan Adam. Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun irinshi ƙarfi a zuciyar mutum, kuma wanda ke cikin asara ya fi saurin yin kasada don ya maido. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin kuɗin da suka nutse da wasu kuɗin ya san haka. Irin wannan wasa a kan wannan jijiya aka gina shi, daɗinshi daga nan yake, hatsarinshi ma daga nan. In ni mai shekara arba'in da ƴan kai, mai furfura a gemu, na kasa tashi, me nake tsammani daga yaro mai 15 da ke shi kaɗai cikin bargo? Kuma mu tuna wasannin da ake saukewa kyauta da sayayyar cikin wasa suke rayuwa. Wanda ya yi asara yana cikin zafi shi ne ya fi saurin kai hannu aljihu.

Daga nan ne muka zauna mu uku, da shi da uwarshi, muka yi yarjejeniya, kuma da harshen wasan muka yi ta. Da can nakan ce "kashe wayar nan yanzu". Ashe wannan wasa ba a tsayar da shi a dawo. Ce ma yaro ya kashe a tsakiya daidai yake da ce mashi ya zubar da kayanshi, shi ya sa rigima ke tashi kullum lokacin salla ko cin tuwo. Yanzu ba minti muke ƙidayawa ba, shiga muke ƙidayawa. Ranakun makaranta babu wasa sam. Asabar da Lahadi shiga uku, bayan ya nuna mani aikin gida. Ba ya fara sabuwar shiga in saura ƙasa da minti 40 a kira salla ko a zuba abinci. In aka kashe shi sau biyu a jere, na ranar ya ƙare, kuma wannan dokar shi ya kawo ta da bakinshi. Ƙarfe goma na dare waya na kwana ɗakina. Ko dala ba ta shiga cikin wasan, forfe kuma daga ɗan abin da nake ba shi na sati yake fita, in ya ƙare ya ƙare. Jika ukun malamin darasi ya biya su da kanshi, kaɗan-kaɗan, ya kuma je ya faɗa ma malamin gaskiya.

Kada wani ya ce takurawa ta yi yawa. A ƙasar Sin, inda wasan ya fito, tun 2021 hukuma ta taƙaita ma ƴan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da mai yi mana wannan, sai mu iyaye. A ɗaya gefen kuma, kada mu yi saurin cewa yaro ya kamu da cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa mallakar kanshi a kan wasan, ya fifita shi bisa sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma galibi abin ya kai wata 12 yana cutar da karatu ko zaman iyali. Yawancin yaranmu ba su kai nan ba. Alamomin da ni zan ce a sa ma ido su ne barci a aji, faɗuwar maki ba dalili, ɓatan ƴan kuɗi a gida, da fushi mai tsanani in an taɓa waya.

Ga abokan aikina malamai, abin da na ɗauko ma ajina kaɗan ne amma ya yi amfani. Da na ba ɗalibaina lissafin jaka mai ramuka 12 da kaya iri biyar, na ce su zaɓi abin da ya fi riba, yaran da ba su taɓa ɗaga hannu ba suka yi ta gardama a kan amsa. Ban ambaci bindiga ba, jakar ɗan kasuwa mai zuwa Jibiya na ce. Na kuma daina tambayar mai gyangyaɗi "me ya hana ka barci" cikin tsawa. Nakan jira a tashi in tambaye shi wane wasa yake yi, kuma sau da yawa daga nan magana ke buɗewa har ta kai ga iyayenshi.

Ban ce mun gama ba. Sau biyu Abba ya karya yarjejeniya, sau ɗaya na same shi da wayar ƙanen uwarshi bayan sha biyu, aka yi sati biyu ba wasa. Makinshi na lissafi ya hau zuwa 11, bai koma inda yake da ba, kuma BEPC na nan tafe. Har yanzu in na ji ƙarar harbi daga wayar nakan tuna yaran ajina da suka baro ƙauyukansu, kuma na faɗa mashi haka ƙarara. Ya yi shiru, daga baya na lura ya daina buga shi in ƙannenshi na kusa. Da za a ba ni zaɓi, da ƙwallo zai koma. Amma wayar ta riga ta shigo gidajenmu, kuma akwati da kwaɗo na gwada su ba su yi mani aiki ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne zaman da muka yi kafaɗa da kafaɗa bisa tabarma ɗaya, ni da ɗan farina, yana ce mani "Baba, ku tsaya, ku saurara", ina bin umarninshi. Rabon da mu yi hira mai tsawon haka tun yana firamare. Asabar da ta wuce, ana gab da magariba, na leƙa na ce lokaci ya yi. Ya ce, "Baba, saura minti biyu in kai mafita." Na tsaya bakin ƙofa na jira. Ya fita da jakarshi, ya kife wayar, ya ɗauki buta. Iyaye, in akwai irin wannan waya a gidanku, ku nemi yaron ya nuna maku wasan ko sau ɗaya ne kafin ku yanke hukunci. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƴan jarrabawar bana sa'a.